Sifiriyan na Kartaj: Bishop ɗin da ya ƙi rufe wa masu laifi ƙofa

Kafin mu shiga tarihin wannan makon, bari in fara da tambaya. Sau nawa ka ga an kama wani da laifi a Facebook ko TikTok, kafin awa guda mutane sun rabu gida biyu? Waɗansu su ce a ƙyale shi kawai, ai kowa yana kuskure. Waɗansu kuma su ce wannan ya gama yawo, kada a ƙara saurarensa har abada. Shi kuma mai laifin yana tsakiya, ana ta yi masa rubdugu, babu mai tambayarsa yadda aka yi.

To wannan rigima ba yau ta fara ba. Kiristocin Arewacin Afirka sun yi irinta sama da shekara 1,700 da suka wuce, kuma tasu ta fi tamu zafi nesa ba kusa ba, domin akwai jini da kurkuku a ciki. Mutumin da nauyin warware ta ya faɗo wa a ka shi ne Sifiriyan, wanda a rubutun Turawa za ku ga an rubuta sunansa Cyprian.

Ɗan masu kuɗi da ya sauya hanya

An haifi Sifiriyan a farkon ƙarni na uku na miladiyya, a yankin da yau muke kira Tunisiya. Garinsu shi ne Kartaj, wanda kufansa yana nan har gobe a gefen birnin Tunis. A wancan zamani Kartaj tana ƙarƙashin Daular Rumawa, kuma tana cikin manyan biranen daular. Tashar jiragen ruwa ce, daga nan ake lodin alkama ana kai wa birnin Roma.

Iyayensa masu hali ne, kuma ba Kiristoci ba ne, gumakan Rumawa suke bauta wa kamar yawancin mutanen garin. Ya yi karatu mai zurfi a fannin balaga da iya jawabi, wanda a lokacin shi ne hanyar samun suna da matsayi, har ya zama malami a fannin. Yana da gonaki da lambuna, ana damawa da shi a gari.

Sai da ya manyanta ya karɓi addinin Kirista, a wajajen shekara ta 246, ta hannun wani dattijon limamin coci da suka shaƙu. A wani rubutu da ya yi wa abokinsa Donatus, ya bayyana cewa kafin a yi masa baftisma bai taɓa yarda mutumin da ya saba da cin daɗi da sa tufafin alfarma zai iya sauya hali ba, har sai da ya ga abin a kansa. Ya sayar da kaso mai yawa na dukiyarsa ya raba wa talakawa.

Bai fi shekara biyu zuwa uku da shiga addinin ba kujerar bishop ta Kartaj ta zama babu kowa, jama'a kuwa suka ce shi suke so. Aka naɗa shi tsakanin 248 da 249. Amma limaman coci biyar ba su ji daɗi ba. A ganinsu sabon shiga ne, jiya-jiya ya zo, yau an ɗora shi a kansu. Ku riƙe zancen mutanen nan biyar, za mu sake gamuwa da su.

Takardar da ta raba gari

A shekara ta 249 wani sabon sarki mai suna Desiyus ya hau mulkin Rumawa. Daular na fama da yaƙe-yaƙe a kan iyaka, shi kuma yana ganin mafita ita ce kowa ya koma ya faranta wa gumakan kakanni rai. Sai ya kafa doka cewa duk mazaunin daular ya je gaban jami'an gwamnati ya yi hadaya, ya zuba abin sha a gaban gunki, ya ɗanɗani naman yankan, sannan a ba shi takardar shaida mai ɗauke da sa hannun jami'an. Ba tatsuniya ba ce: an tono irin waɗannan takardu sama da 40 a Masar, masu ɗauke da kwanan watan shekara ta 250.

Ga mai bautar gumaka, wannan bai wuce bin layin karɓar katin ɗan ƙasa ba. Ga Kirista kuwa, fita ce daga addini. Wanda ya ƙi, sai kurkuku, ko azaba, ko a ƙwace masa dukiya, ko a kore shi daga gari, wani lokaci ma kisa. Fabiyan, bishop na Roma, yana cikin waɗanda suka fara rasa ransu, a watan Janairun 250.

Abin da ya faru a Kartaj ya girgiza Sifiriyan. Kiristoci sun daɗe suna zaune lafiya, da yawa ba su taɓa ganin tsanani ba. Da doka ta zo, sai jama'a masu ɗimbin yawa suka bi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wasu ba su ma jira a kamo su ba, da ƙafarsu suka ruga dandalin gari. Da yamma ta yi jami'ai suka so su ɗage aikin zuwa washegari, sai masu layi suka dinga roƙo a gama da su a ranar. Iyaye suka ɗauko har jarirai suka kai.

Amma ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda suka yi hadayar sosai. Akwai waɗanda turare kawai suka ƙona. Akwai kuma masu dabara, waɗanda suka ba da cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun kusanci gunkin ba. Sannan ga waɗanda suka tsaya kai da fata suka ƙi, aka kulle su, aka hana su abinci da ruwa, wasu suka mutu a hannun masu azabtarwa.

Abin tausayin shi ne, sau da yawa gida ɗaya ne. Akwai wani mai suna Mafalikus da ya mutu a ƙarƙashin azaba saboda ya ƙi yin hadaya, alhali mahaifiyarsa da 'yar uwarsa sun faɗi. Kafin ya cika, roƙon da ya bari shi ne a karɓe su.

Shi kuma bishop ɗin ya ɓuya

To ina Sifiriyan a duk wannan hali? Nan fa ake yin ta. Da tsanani ya fara, taron jama'a a filin wasa suka dinga ihu a jefa shi ga zaki. Sai ya fice daga gari ya ɓuya, gwamnati kuma ta sa hannu a kan dukiyarsa. Ya yi sama da shekara guda a ɓoye, yana tafiyar da coci ta hanyar wasiƙu, yana aiko da kuɗi a kula da fursunoni da gwauraye da marasa lafiya.

Hujjarsa ita ce, shi sananne ne, zamansa a gari zai ƙara jawo wa mabiyansa fitina, kuma garken yana buƙatar mai jagora a raye. Amma ba kowa ya gamsu ba. Limaman cocin Roma, waɗanda nasu bishop ɗin ya mutu, sun aiko wa Kartaj wasiƙa suna ta zancen bambancin makiyayi na gaskiya da ɗan ƙwadagon da ke gudu in ya hango kura. Kowa ya san inda aka dosa.

Kun ga ke nan mutumin da zai yanke hukunci a kan waɗanda suka ji tsoro, shi ma ana nuna shi da yatsa cewa ya ji tsoro. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma abokan hamayyarsa ba su bar shi ya manta da wannan ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kasuwar takardun afuwa

Tun tsananin bai lafa ba, waɗanda suka faɗi suka fara nadama. Suna so su dawo coci, musamman su sake karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kiristoci ke ci tare a matsayin alamar cewa su jiki ɗaya ne. Wanda aka hana shi wannan, tamkar an ce masa ba ya cikin dangi.

A lokacin akwai wata al'ada: wanda ya sha wuya saboda addini, ana girmama roƙonsa idan ya nema wa wani afuwa. Sai jama'a suka yi ca a ƙofar kurkuku suna neman fursunonin su rubuta musu takarda. Da farko abin da ma'ana. Wani matashi mai suna Selerinus, wanda shi ma ya sha ɗauri a Roma, ya rubuto yana roƙa wa wasu mata biyu da suka faɗi, yana mai shaida cewa tun daga lokacin suna ta tarbar 'yan gudun hijira suna ciyar da su.

Amma kafin ka ce kwabo abin ya lalace. Sifiriyan ya koka cewa dubban takardu ake rabawa. Wasu takardun ma ba su da sunaye, sai dai a rubuta a karɓi wane da mutanensa, ka ga mutum ya kwaso 'yan uwa da surukai da barori ashirin ko talatin. Wani fursuna mai suna Lusiyanus ya kai abin ƙarshe, ya fitar da sanarwa cewa sun yafe wa kowa da kowa gaba ɗaya. Wasu limamai, ciki har da mutanen nan da ba su so naɗinsa ba tun farko, suka fara karɓar mutane nan take, babu tambaya, babu tuba. A wasu garuruwa har tarzoma aka yi wa shugabannin coci don su buɗe ƙofa dole. Wani dikin mai suna Filisisimus ya zama jagoran wannan ɓangare.

Daga maɓoyarsa Sifiriyan ya ce a dakata. Ya ce wannan ba maganar mutum ɗaya ko gari ɗaya ba ce, a jira a samu lafiya, bishop-bishop su zauna tare da limamai a gaban jama'a a duba. Amma ya bar ƙofa guda: wanda ciwo ya kwantar har ana tsoron zai mutu, in yana da takardar roƙo daga waɗanda suka sha wuya, kada a bari ya tafi ba a sulhunta shi ba, ko da dikin ne kawai ke kusa ya ɗora masa hannu.

Masu cewa babu dawowa

Yana fama da masu sassauci a gida, sai ga wata wutar ta tashi a Roma ta ɗaya gefen. A watan Maris na 251 aka zaɓi Korneliyus ya gaji Fabiyan. Wani limami mai ilimi sosai, Nobatiyan, ya ƙi amincewa, ya sa aka naɗa shi shi ma. Ra'ayinsa shi ne, wanda ya yi hadaya ga gunki ya fita ke nan, coci ba ta da ikon dawo da shi ko da ya shekara hamsin yana kuka. Ya yi ta tuba in yana so, amma a waje, hukuncinsa yana wurin Allah. A ganinsa coci taron tsarkaka ce, in aka shigo da wanda ya ƙazantu, kowa ya ƙazantu.

Ga abin dariya a ciki. Wani limamin Kartaj mai suna Nobatus, wanda a gida yana tare da masu cewa a karɓi kowa, sai ya tsallaka Roma ya haɗe da Nobatiyan mai cewa kada a karɓi kowa. Daga nan za ka gane cewa ga wasu, ba makomar masu laifin ce ta dame su ba, faɗa da shugaba ne a gabansu. Rigimar ta yi nisa har ta kai lokacin da kowane ɓangare ya naɗa nasa bishop a Kartaj, mutum uku suna iƙirarin kujera ɗaya.

Zaman 251

Bayan bikin Ista na 251 Sifiriyan ya dawo gida, ya tara bishop-bishop na yankin. A wannan lokacin ne ya fitar da littattafansa biyu da suka fi shahara, ɗaya a kan waɗanda suka faɗi, ɗaya a kan haɗin kan coci. Matsayar da zaman ya cimma ita ce kamar haka.

Na farko, a duba kowane mutum shi kaɗai, ba a yi wa kowa kuɗin goro ba. Na biyu, waɗanda suka sayi takarda ba su yi hadaya ba, a karɓe su bayan an bincika lamarinsu. Na uku, waɗanda suka yi hadayar su ci gaba da doguwar tuba, amma idan mutuwa ta matso a karɓe su. Na huɗu, wanda ya ƙi tuba yana da lafiya, sai da ya ga mutuwa ido da ido sannan ya fara roƙo, ba za a biye masa ba. Wannan shi ne abin da mu za mu kira tuban muzuru.

Tuba a wancan zamani ba a ɓoye ake yi ba. Mutum zai yi ta azumi da addu'a da sadaka, ya bar ado da shagali, jama'a suna gani. Idan lokaci ya cika ya furta laifinsa a gaban ikkilisiya, bishop da limamai su ɗora masa hannu, sannan ya koma cikin sahu.

Hujjojin da Sifiriyan ya kawo su ne suka sa har yau ake karanta shi. Ga masu sassauci, ya kawo misalin likita. Likitan da ya ga ƙurji ya cika da ruwa, ya shafa masa mai ya rufe don kada majiyyaci ya yi kuka, ba tausayi ya yi ba, kashe shi yake yi a hankali. Dole a farke a matse, ko da mai ciwon zai yi ihu, daga baya zai gode.

Ga masu tsauri kuwa, a wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa wani bishop mai suna Antoniyanus, ya kawo misalin manomi. Ka ce wa mutum ya yi ta tuba amma ba za a taɓa karɓarsa ba, daidai yake da ka ce wa manomi ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma, amma ka tabbatar masa ba zai girbi ko zangarniya ɗaya ba. Wa zai ɗauki fartanya a haka? Ya ce wanda aka yanke wa ƙauna, ƙarshenta zai kwashi matarsa da 'ya'yansa ya koma inda ya fito, kuma shugaban da ya kore shi zai amsa tambaya a kansu. Ya tuna musu misalin da ke cikin Linjila na makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata.

Ya kuma dage cewa laifi ba ya zama ɗaya don sunansa ɗaya. Wanda ya ruga da gudu ya yi hadaya, ba daidai yake da wanda aka yi ta gana wa azaba har jikinsa ya gaza ba. Wanda ya tilasta wa iyalinsa duka, ba daidai yake da wanda ya je shi kaɗai don ya kare matarsa da 'ya'yansa, ya kuma ɓoye 'yan gudun hijira a gidansa ba. Ya ba da labarin wasu mutum biyu, Kastus da Emiliyus, waɗanda a karon farko tsoro ya ci su, amma da aka sake kamo su suka tsaya har aka kashe su. Da an yanke musu hukuncin ƙarshe tun faɗuwar farko, da an yi kuskure.

To idan mutum ya yaudari coci da tuban ƙarya fa? Amsarsa ita ce, mutane zahiri suke gani, kuma hukuncin coci ba ya ɗaure wa Allah hannu. Wanda ya san abin da ke cikin zuciya zai gyara abin da bayinsa suka kuskure.

Wani abin burgewa, a cikin wasiƙar nan bai ɓoye cewa matsayinsa ya sauya ba. Ya yarda cewa a lokacin tsanani ya fi tsauri, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ya sassauta. Shugabanni nawa ne ke iya wannan?

Yafiya daban, kujera daban

Akwai wani wuri da bai sassauta ba. Idan wanda ya faɗi shugaba ne, to za a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, amma ba zai koma kan muƙaminsa ba. A Italiya wani bishop mai suna Tirofimus ya faɗi tare da jama'arsa, daga baya ya dawo da su, Korneliyus ya karɓe shi a matsayin mai bi kawai, Sifiriyan kuma ya goyi bayan hakan.

Bayan 'yan shekaru irin wannan ta taso a Sifen. Bishop biyu, Basilides da Marshiyalis, sun karɓi takardar hadaya, aka sauke su, sannan suka nemi komawa kan kujera. Cocin yankin suka nemi shawarar Kartaj. Sifiriyan da 'yan uwansa bishop-bishop suka ce a'a, ƙofar tuba a buɗe take gare su, amma amanar jagoranci ta riga ta fita daga hannunsu.

Annoba da ƙarin sassauci

Desiyus ya mutu a fagen yaƙi a tsakiyar 251. A zamanin magajinsa Galus aka fara jin ƙishin-ƙishin wani sabon tsananin. Sai Sifiriyan ya sake tara bishop-bishop, suka yanke cewa duk wanda ya dage a kan tubarsa tun faɗuwarsa, a karɓe shi yanzu, kada a jira sai yana gargara. Dalilinsu shi ne, ba ka tura mutum fagen daga sannan ka hana shi guzuri. Mutanen da jiya ake kallo a matsayin maciya amana, su ne yau ake shirya su tsaya a sahu ɗaya da kowa.

A daidai wannan lokaci wata muguwar annoba ta auka wa daular, wadda masana tarihi har yau suke kiranta da sunansa saboda shi ya bar bayanin alamominta a rubuce. A Kartaj mutane suka dinga gudu suna barin 'yan uwansu, gawawwaki a kan titi. Fontiyus, dikin ɗin da ya rubuta tarihinsa, ya ce Sifiriyan ya tara jama'arsa ya umarce su su yi jinyar kowa, har da waɗanda ba Kiristoci ba, har da waɗanda suka tsananta musu. Haka kuma da mahara suka kwashe wasu Kiristoci a yankin Numidiya, cocinsa ta tara kuɗin Rumawa na sestas 100,000 aka aika don a fanso su.

Ba a ce ba shi da nasa ba. Mutum ne mai kafiya, kuma yana da zafi sosai a kan waɗanda suka ɓalle suka kafa tasu cocin. Ya dage cewa wanda aka yi wa baftisma a wurin 'yan ɓallewa sai an sake yi masa, suka yi ta sa-in-sa da Istifanus, bishop na Roma, a 255 da 256. Daga baya cocin Yamma ta bi ra'ayin Istifanus. Amma ko a nan, a babban zaman da ya jagoranta a watan Satumban 256, ya fara da cewa ba za a kori kowa daga zumunci don ya saɓa wa ra'ayinsa ba.

Ranar da bai gudu ba

A shekara ta 257 Sarki Baleriyan ya sake taso wa shugabannin coci. Ranar 30 ga Agusta aka gurfanar da Sifiriyan gaban gwamna, ya ƙi yin hadaya, ya kuma ƙi ba da sunayen limamansa. Aka kore shi zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku mai suna Kurubis, wanda yau ake kira Korba. Bayan shekara guda aka dawo da shi Kartaj, a lokacin sabuwar doka ta fito cewa bishop ɗin da ya ƙi, kisa ne.

Manyan abokansa suka ba shi wurin ɓuya, ya ƙi tserewa. Abin da kawai ya nema shi ne a yi masa shari'a a garinsa, a gaban mutanensa. Ranar 14 ga Satumban 258 gwamna Galeriyus Maksimus ya yanke masa hukuncin kisa da takobi. Jama'a suka bi shi har filin. Ya tuɓe alkyabbarsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce a ba hauni tsabar zinare 25, sannan ya ɗaure idanunsa da kansa. Mutumin da aka shekara takwas ana yi wa gorin gudu, a nan ya ba da amsarsa.

Bayan rasuwarsa

Rigimar ba ta mutu da shi ba. Mabiyan Nobatiyan sun ci gaba da zama daban na tsawon ƙarnoni. A babban taron Nikiya na shekara ta 325, an gindaya wa limamansu masu son dawowa sharaɗin cewa sai sun yarda su yi zumunci da waɗanda suka faɗi suka tuba. A Afirka kuma, bayan tsananin da ya fara a 303, an sake irin wannan ɓaraka da 'yan Donatus, wadda Agustin na Hippo ya sha fama da ita, kuma kowane ɓangare yana cewa Sifiriyan nasa ne. Cocin Katolika tana tunawa da shi ranar 16 ga Satumba, rana ɗaya da Korneliyus, abokin gwagwarmayarsa a wannan magana.

Mu kuma fa?

Ga matashi Kirista, tarihin nan ya shafe ka kai tsaye. A cocinku akwai yarinyar da ta yi ciki ba aure, akwai ma'ajin da ya taɓa kuɗin ƙungiya, akwai wanda tsoro ko talauci ya sa ya yi abin kunya. Abu mafi sauƙi shi ne a yi kamar ba a gani ba, ko kuma a daina gaishe shi a yi ta yaɗa zancen a guruf ɗin WhatsApp. Hanyar Sifiriyan ta fi duka biyun wuya. Sai an kira laifin da sunansa, sai an zauna an ji yadda aka yi, sai an ba shi hanyar dawowa mai iyaka wadda ya san ƙarshenta, kuma in amana ya ci, a yafe masa ba tare da an miƙa masa makullin a washegari ba.

Ga sauranmu kuma, ko wane addini muke bi, tambayar tana nan. Wanda muka yi wa rubdugu a watan jiya, in ya dawo yau da gaske yana neman gyara, akwai ƙofar da muka bar masa? Mun dai san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma kuma ba a barinsa babu magani.